Wadda Ta Fara Ce Mini A'a

Ranar farko da na fita tattara bayanan bincikena a wani matsugunin 'yan gudun hijira, kafin rana ta yi tsaka takardun amincewa da shiga binciken da na zo da su sun kusa ƙarewa. Mata a layi, kowace na miƙo babban yatsa, ni kuma ina shafa musu tawada suna dangwalawa, ina ta murna a raina, ina cewa ashe abin da ake ta ba mu tsoro da shi a aji bai taka kara ya karya ba. Ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Sai da na zo haɗa kayana wata tsohuwa da ke kan keken guragu ta riƙo hannun rigata ta ce, "'Yata, to yaushe za a fara rabon?"

Na ce, "Wane rabo, Inna?"

Ta ce, "Wanda kika rubuta mu dominsa mana."

Nan take jikina ya yi sanyi. Na karanta musu takardar nan tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, har da layin da ke cewa babu wani tallafi da ke tattare da wannan aiki. Amma a motar ƙungiyar da ke raba musu kayan agaji na zo. Tare na sauko da ma'aikacin da suka saba gani riƙe da littafin rajista, ga ni da biro da fom. Duk wanda ya taɓa zuwa musu da wannan kama, rabo ne ya biyo bayansa, ko aƙalla alkawarin rabo. Gani ya kori ji, a zahirin ma'anarsa.

Aikin na kundin digirina na biyu ne a fannin kula da jin daɗin al'umma. Abin da nake son sani shi ne yadda mata masu naƙasa da rikici ya raba da gidajensu suke kaiwa ga ruwa, banɗaki, asibiti da kayan agaji a matsugunin da aka ajiye su. Mutane ne da rauni ya yi wa taron dangi: ga naƙasa, ga gudun hijira, ga talauci, ga kuma zama mace a wurin da ba a cika sauraren mace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna fama da naƙasar da ke shafar rayuwarsu sosai. Amma da na duba rajistar matsugunin, waɗanda aka rubuta a matsayin masu naƙasa ba su cika shafi ɗaya ba. Wannan giɓin ne ya ja ni.

Kuma ba wai na tafi da ka ba ne. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya tsefe takarduna sau biyu kafin ya sa hannu. Na haddace labarin Tuskegee kamar karatun allo: yadda hukumar lafiyar jama'a ta Amurka ta tara baƙaƙen fata 600 a jihar Alabama daga 1932, 399 daga cikinsu na ɗauke da ciwon tunjere, aka ce musu ana yi musu maganin "mugun jini", alhali kallon yadda cutar ke cin jikin mutum kawai ake yi. Fenisilin ya zama maganin cutar tun wajajen 1947, aka hana su. Ba a tsaya ba sai a 1972 da jarida ta tona asirin. Daga wannan abin kunya aka samu Rahoton Belmont na 1979 da ginshiƙansa uku: mutunta ɗan Adam, neman amfaninsa da kauce wa cutar da shi, da kuma adalci. Na rubuta duk wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. Sai dai a raina na ɗauka labari ne na likitoci marasa imani masu riƙe da allura. Ni da ba ni da komai sai rikoda da tambayoyi, wa zan cuta?

Daren nan na sake buɗe labarin, sai idona ya faɗa kan wani abu da na saba tsallakewa. Da me aka jawo mutanen Tuskegee? Da abinci kyauta ranar gwaji, da duba lafiya kyauta, da alkawarin kuɗin binne su idan sun mutu. Ba a ɗaure kowa ba. Buƙatarsu aka mayar ƙugiya. Rahoton Belmont kuwa ya ce amincewa ba ta cika sai da abu uku: an yi wa mutum bayani, ya fahimta, kuma ya yarda don ganin damarsa. Ni na farkon kaɗai na cika. Matar da take ganin in ta ƙi dangwala yatsa za a tsallake sunanta ranar rabo, wace dama gare ta?

Da na kira malamin da ke duba aikina na zayyana masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni mutum nawa suka ƙi. Na ce babu. Ya ce to in babu wanda ya ƙi, ta ina na san akwai wanda ya yarda? Ya ce in ajiye takardun nan gefe in sake sabon lale.

Abin ya ci mini mako uku, ga kuɗin zirga-zirga daga aljihuna. Na daina bin motar ƙungiyar, na daina shiga ranar rabo. Kwanaki na yi ina zuwa ba takarda ba biro, gaisuwa kawai da zama. Sannan na sauya yadda nake neman izini. Bayan na gama bayani sai in ce wa mace, "Mama, in 'yar'uwarki ta tambaye ki me wannan baƙuwar ta zo yi, me za ki ce mata?" In ta ambaci tallafi, mu koma baya. Kuma na koyi in faɗa da bakina, ba a cikin karatun takarda ba, cewa ba ni da hannu a rajista, ba zan iya sa sunan kowa ba, ba zan iya cire na kowa ba, kuma ba wanda zai san wadda ta yi magana da ni da wadda ta ƙi.

A rana ta uku wata mata mai ƙafa ɗaya, wadda take cikin na farko-farkon da suka dangwala yatsa a wancan karon, ta saurare ni har na kai aya. Ta ce, "Wato ba abin da za a ba mu." Na ce babu. Ta ce, "Kuma in na ce ba na so, shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta gyara zaman sandarta ta ce, "To, Malama, ba na so. Na gaji da ba da labarina." Ta lissafa mini waɗanda suka zo kafin ni, masu kyamara da masu fom, kowa ya kwashi nasa ya tafi, ko ƙeyarsu ba ta sake gani ba. Na yi mata godiya har ta dube ni da mamaki. Ba ta san cewa ita ce shaidar farko da na samu cewa sauran da ke cewa eh, da gaske suke yi ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyewa. Ba a shiga wuri irin wannan sai ta hannun shugabannin mazauna, kuma daidai ne a bi ta kansu. Amma wanda ya buɗe maka ƙofa shi ke zaɓar ɗakin da za ka gani. Matan da aka fara kawo mini duk masu baki ne, sun saba da baƙi, sun san amsar da ake so. Ina kurame? Ina masu taɓin hankali? Ina waɗanda iyalansu ba sa bari su fito saboda kunyar idon jama'a? Da na tambaya sai aka ce ai waɗannan ba za su iya ba ni wata amsa ba.

Sai na koma bin sarƙa: duk wadda na yi hira da ita in roƙe ta ta tambayi wata da ta sani ko za ta yarda in je wurinta. Tsohuwar dabara ce ga masu bincike kan mutanen da ba su da rajista, kuma wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Douglas Heckathorn, ya inganta ta a 1997 a aikinsa da masu allurar ƙwaya, har ya sa mata lissafi. Ta kai ni wurare da yawa. Amma tana da makantarta: sarƙa mai ƙawaye take kamowa. Wadda ba ta da kowa, wadda ita ce aka fi mayarwa saniyar ware, ba bakin da zai ambace ta. Mutum biyu daga cikin waɗanda labarinsu ya fi girgiza ni, a bakin famfo na ji ɗuriyarsu, daga yaran da ke ɗebo musu ruwa.

Ɗayarsu kurma ce da ba ta taɓa shiga makaranta ba. Tafintan maganar hannu da na ɗauko ya yi iya yinsa, ba su fahimci juna ba, domin alamun da take amfani da su na gida ne, ita da ƙanwarta suka ƙirƙiro abinsu tun suna yara. Dole ƙanwar ta zama tafinta. To yaya za ka tambayi mutum ko ana kyautata masa a gida ta bakin wanda yake kula da shi? Na cire waɗannan tambayoyin daga hirarta, kuma na rubuta a kundin cewa na cire su da dalilin cirewar. Har yau ina ganin wannan hirar rabi na yi ta.

Tambayoyina ma sun sha gyara. Ta farko a fom ɗina ita ce, "Kina da naƙasa?" Dattijuwar da ba ta iya ganin fuskar jikanta sai ya matso dab da ita ta ce mini a'a, ita tsufa ne kawai. Wa zai so ya amsa sunan da ake zagi da shi? Ashe tuni masana ƙididdiga na rukunin Washington, wanda aka kafa a 2001 ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka warware wannan da gajerun tambayoyi shida waɗanda ba sa ambaton kalmar naƙasa ko kaɗan. Wahala suke tambaya: wajen gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu ko tattara hankali, wanka ko sa tufafi, da kuma fahimtar magana ko fahimtar da wani. Amsa kuma hawa huɗu ce, daga babu wahala har zuwa ba na iyawa sam. Da na koma kansu, shafi ɗayan nan na rajista ya zama abin dariya.

Amma inda na fi jin kunyar kaina shi ne tambayar banɗaki. "Akwai banɗaki kusa da ke?" Kowa ta ce akwai. Na yi ta sa alamar eh, har na fara tunanin wannan sashen ba shi da matsala. Wata rana hira ta kai mu yamma, zafi ya ishe ni, na fito da gorar ruwa na miƙa wa matar da nake tare da ita. Ta ce ta gode, ita ba ta shan ruwa in rana ta karkata. Na ce azumi take? Ta yi dariya ta ce, "Taso ki gani." Ta ja jiki da hannuwanta, ina biye, har bakin banɗakin. Matakala biyu ce a ƙofar, ƙofar kuma ba ta ɗaukar keke. A ciki ƙasa jiƙe take sharkaf, ita kuwa da tafin hannu take tafiya. Da rana takan sa tsofaffin takalma a hannu ta lallaɓa. Da dare ba fitila, ba sakata, ga maza na zirga-zirga. Shi ya sa take daina shan ruwa tun da sauran rana, don kada fitsari ya tashe ta. Da na koma na tambayi sauran, kusan duk masu wahalar tafiya haka suke yi, wasu har da rage cin abincin dare. Fom ɗina ya ce akwai banɗaki, kuma bai yi ƙarya ba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga ranar na nemi mata uku daga cikinsu suka zauna da ni muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Suka zubar da wasu, suka ƙara waɗanda ko a mafarki ba zan kawo su ba, kamar wa ke karɓar wa mace kasonta ranar rabo in ba ta iya tsayuwa a layi, kuma nawa yake isowa hannunta. Taken nan na masu fafutukar haƙƙin naƙasassu, cewa kada a yi komai a kanmu ba tare da mu ba, da na ɗauka ado ne na bangon taro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 ma ta wajabta wa ƙasashe tuntuɓarsu a duk abin da ya shafe su. Ni dai a aikace na gane cewa maganar ta wuce ladabi, tambayar da aka tsara ba da su ba amsar banza take kawowa.

Sai batun sirri, wanda a wurin da bango tamfol ne kusan mafarki ne. Miji zai zo ya zauna a bakin ƙofa ya ce shi ba ruwansa, mu ci gaba. Shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001 kan binciken cin zarafin mata a cikin gida sun cece ni a nan, duk da cewa ba shi ne ainihin batuna ba. Sun ce a yi hira a keɓe, a yi da mace ɗaya kawai a kowane gida, a tanadi tambayoyin da ba su da haɗari waɗanda za a juya kansu da zarar wani ya shigo, kuma a riƙe jerin wuraren da za a iya tura wadda ke buƙatar taimako. Tun farkon hira nakan ce wa mace, in wani ya leƙo zan koma tambayarki yawan ruwan da kuke ɗebowa a rana, kada ki yi mamaki. Sau da yawa mun yi hakan, wani lokacin mu ƙunshe dariya.

Jerin wuraren taimakon ne ya ba ni kunya. Kwafo shi na yi daga wata takarda da aka ba ni, ban gwada ko ɗaya ba. Ranar da wata yarinya mai tasowa ta gaya mini abin da wani ke yi mata in ya raka ta banɗaki da dare, na fito da jerin da ƙwarin gwiwa. Lambar farko a kashe. Ta biyu aka ce ofishin ya tashi tun bara. Na bar ta ta buɗe cikinta, sannan na tsaya a gabanta hannu rabbana. Kwana biyu na yi ina yawo kafin na samu ma'aikaciyar kare yara da ta karɓi maganar da gaske. Akwai kuma kuskure na biyu a cikin na farkon: na yi mata alkawarin ba wanda zai ji, ban gaya mata tun farko cewa alkawarin yana da iyaka ba idan yaro na cikin haɗari. Dole na koma na zauna da ita na bayyana mata wa zan gaya wa da dalilin hakan, na bar ta ta zaɓi babbar da take so ta kasance a wurin. Ta yi fushi da ni, kuma tana da gaskiya. Yanzu ba na fara hira sai na taka da ƙafata zuwa kowane wuri da ke cikin jerin, kuma iyakar sirri na cikin maganata ta farko.

Makonnin da suka biyo baya barci ya ƙaurace mini. Ina sauraren rikodin don in rubuta, sai in tsinci kaina na tsayar da shi ina kallon bango. Ba wanda ya gaya mana a aji cewa kwafe hira yana nufin jin labari ɗaya sau biyar. Na rage hirar da nake yi a rana, na kuma samu abokiyar karatu muna zama duk mako muna sauke wa juna, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Kan ko a biya waɗanda aka yi hira da su, an daɗe ana ja-in-ja. Ni ina ganin hana matalauciya ladan sa'o'in da ta ba ka da sunan kare ta daga ruɗi wayo ne kawai. Na ba da ɗan abin da zai maye gurbin lokacinsu, ba mai yawan da zai sa mutum ya kasa ƙi ba, kuma a farkon hira nake bayarwa, don wadda ta ga dama ta tashi a tsakiya ta tashi.

Wajen rubutu na gano cewa sauya suna ba ya ɓoye kowa a ƙaramin wuri. In na ce makauniya mai 'ya'ya huɗu da mijinta ya rasu a hanya, kowa a matsugunin ya san ta, har da ma'aikacin da ta yi ƙorafi a kansa. Na dinga goge irin waɗannan alamun, har wasu labaran suka rasa armashinsu, na haƙura. Wani abokin karatu ya nemi in ba shi rikodin don nasa binciken, na hana shi, muka ɗan sami saɓani. Na tuna masa da ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona: a farkon shekarun 1990 suka ba da jininsu don binciken ciwon suga, daga baya suka gano an yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da auren dangi da asalin inda suka fito. Sai da aka kai 2010 aka sasanta, jami'ar da ta yi binciken ta biya dala 700,000 ta kuma mayar musu da jinin. Matan nan ga tambayata suka ce eh, ba ga duk tambayar da wani zai ƙirƙiro gobe ba.

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karin maganar kanta tana nuna yadda harshenmu ke kallon mai lalura, amma hukuncinta ya hau kaina: da labarinsu na ci digiri. Mutanen San na Afirka ta Kudu, da suka gaji da zama abin nazari, sun fitar da nasu ƙa'idojin bincike a 2017, suna neman girmamawa, gaskiya, adalci da kulawa daga duk mai son ya yi aiki a kansu. Matan da na yi aiki da su ba su da irin wannan takardar, don haka aƙalla ya zama wajibi in koma.

Na koma bayan wata bakwai da taƙaitaccen sakamako a shafi biyu, na karanta musu da baki, tafinta na yi wa kurame. Suka gyara mini wuri biyu. Wata ta ce ita da na sa sunanta na gaskiya da ta fi so, tunda maganarta ce, na rasa amsar da zan ba ta sai dai in ce a gaba zan riƙa tambaya. Na kai kwafi ga masu kula da matsugunin. A lokacin an riga an yi wa banɗaki ɗaya gangara a maimakon matakala, sauran suna nan yadda na bar su, kuma ba zan ce aikina ne ya jawo ɗayan ba. Tsohuwar nan mai keke da ta tambaye ni rabo ta rasu kafin in dawo.

Ina shirin tafiya na hango matar nan mai ƙafa ɗaya a inuwa, can nesa da taron, inda za ta iya ji ba tare da an ce ta zo ba. Na ƙarasa na gaishe ta.

Ta ce, "Ashe kin dawo."

Na ce na dawo, Mama.

Ta leƙa jakata ta ce, "Kin zo da takardar dangwalen taki?" Na ce ban zo da ita ba. Ta yi dariya ta ce, "Gara dai, don amsata na nan yadda kika bar ta." Sannan ta nuna mini gefen tabarma da sandarta, ta ce in zauna rana ta ɗan yi sanyi kafin in kama hanya.